Kuɗin Shigar Gida da Lafiyar Iyali: Darasi Daga Ƙasar Liba, Jega da Aliero

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Koko da Yawuri, zai shaida cewa wannan yanki na Jihar Kebbi ƙasa ce ta noma da fatauci. Aliero ta yi suna a duk faɗin Nijeriya wajen noman albasa da cinikinta. Jega tsohon gari ne na kasuwanci a bakin Gulbin Zamfara. Garuruwa irin su Liba da ke ƙasar Maiyama kuwa, jama'arsu manoma ne da makiyaya. Haka kuma a Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance, a watan Nuwamba na 2015.

Duk da wannan albarka, binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Babu jihar da ta kai Kebbi a wannan shekara, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. To, yaya aka yi ƙasar da ke ciyar da wasu ta kasa ƙosar da 'ya'yanta? Dalilan suna da yawa, akwai cututtuka, akwai ruwan sha, akwai yadda ake shayar da jarirai da yaye su. Wannan darasi zai ɗauki dalili guda, shi ne kuɗin shigar gida: mene ne shi, yaya ake auna shi, kuma me ya haɗa shi da girman jikin yaro.

Mene Ne Kuɗin Shiga?

Kuɗin shigar mutum shi ne duk abin da ya samu a cikin wani ƙayyadadden lokaci, wata ko shekara, bayan an cire abin da ya kashe wajen nemansa. Kuɗin shigar gida kuwa shi ne jimillar abin da dukkan mutanen gidan suka samu. Abin da masana ke nufi da gida a nan shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya. Saboda haka babban gida mai sassa uku, kowane sashe da tukunyarsa, gidaje uku ne a wurin mai ƙididdiga.

Abin lura na farko shi ne, ba tsabar kuɗi kaɗai ake ƙirgawa ba. Damin geron da manomi ya zuba a rumbu shiga ne, ko da bai kai ƙwaya ɗaya kasuwa ba, domin da bai noma ba, da sai ya saya. Haka nonon da aka tatsa, da ƙwan da kaza ta saka, da zakkar da aka kawo wa gida. Abin lura na biyu shi ne, bashi ba shiga ba ne, tun da za a biya shi. Haka nan wanda ya sayar da gonarsa bai samu shiga ba, dukiyarsa ce ya karya.

A wannan yanki, shigar gida takan zo ta ƙofofi kamar biyar. Akwai noman damina na gero da dawa da wake da gyaɗa. Akwai noman rani na albasa da shinkafa da barkono a fadama. Akwai kiwo. Akwai sana'o'i da ƙwadago da albashi, tare da abin da masu cin rani ke aikowa. Sannan akwai sana'o'in mata na cikin gida, irin su ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da daddawa da ɗinki. Wannan ƙofa ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita, domin ba a ganinta a rumfar kasuwa.

Yadda Masana Suka Fara Aunawa

A 1857, wani masanin ƙididdiga Bajamushe mai suna Ernst Engel ya yi nazarin yadda iyalan ma'aikata na ƙasar Beljiyam ke kashe kuɗinsu. Ya gano cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke cinyewa daga samunsa. Mai hali ya fi talaka kashe kuɗi a kan abinci, amma abin da yake kashewar ɗan ƙaramin yanki ne na shigarsa. Har yau ana kiran wannan ƙa'ida da sunansa.

A 1899 kuma, Seebohm Rowntree ya sa aka bi gidajen ma'aikata 11,560 a birnin York na Ingila, ana rubuta sana'ar kowa da yawan iyalinsa. Sabon abin da ya kawo shi ne, ya fara da jikin ɗan Adam. Ya duba abincin da masana suka ce jiki na bukata, ya nemo farashinsa mafi araha, ya ƙara kuɗin haya da tufafi da makamashi. Lissafinsa ya nuna cewa miji da mata da 'ya'ya uku suna bukatar sule 21 da kwabo 8 a mako. Ya samu kusan kashi 28 cikin ɗari na mutanen birnin suna cikin talauci. Ya kuma lura cewa ma'aikaci yakan shiga ƙunci sau uku a rayuwarsa: yana yaro, da lokacin da 'ya'yansa suke ƙanana, da kuma bayan ya tsufa.

A ƙasar Hausa, wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Ta raba gidajen noma 171 na garin zuwa rukuni huɗu da taimakon mutanen garin, kuma ma'aunin da ta bi shi ne yadda kowane gida zai iya jure wa shekarar da amfanin gona ya yi latti ko ya gaza. Ita ce kuma ta jawo hankalin masana ga cinikin da matan kulle ke yi a cikin gidaje, yara suna kai musu talla. Binciken nata ya karya zaton da wasu ke yi cewa mutanen ƙauye duk samunsu ɗaya ne.

Jiki Shi Ne Ma'auni

Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin mutum yana ƙona abinci dare da rana domin numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki da aiki, yaro kuma yana bukatar ƙari domin girma. Ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa shi ake kira kalori.

A kan wannan ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gina layin talauci a binciken da ta yi wa gidaje fiye da 22,000 tsakanin 2018 da 2019. Ta ɗauka cewa kowane mutum, idan aka haɗa manya da yara, yana bukatar kalori 2,251 a rana. Abincin da zai ba da wannan ya kama N81,767 a shekara bisa farashin wancan lokaci. Da aka ƙara sauran bukatun dole, sai layin ya tsaya a N137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin N376 a rana. Sakamakon ya nuna kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, mutum miliyan 82.9, suna ƙarƙashin layin, ban da Jihar Barno da ba a sa a lissafin ba. A karkara kashi 52.1 ne, a birane kashi 18. A Jihar Kebbi kuwa, kimanin rabin jama'a ne.

Ga wani lissafi da kowane ɗalibi zai iya yi. Mafi ƙarancin albashi a 2019 N30,000 ne a wata, wato N360,000 a shekara. Idan aka raba wannan da N137,430, za a samu 2.6. Ma'ana, albashin shi kaɗai ba zai iya riƙe mutum uku a saman layin ba.

Hukumar ba ta tambayi mutane nawa suke samu domin wannan lissafi ba. Abin da ta tambaya shi ne me suka ci a kwana bakwai da suka wuce, me kuma suka kashe a kan sauran bukatu. Dalili kuwa, mutum yakan ɓoye samunsa saboda kunya ko tsoron haraji, manomi kuma ba ya rubuta abin da ya ci daga rumbunsa, amma uwargida ta san mudu nawa ta surfa jiya.

Misalin Gidaje Biyu

Lambobin da ke cikin wannan misali na koyon lissafi ne kawai, ba farashin wata kasuwa ba ne, don haka kada a gwada su da layin talauci na 2019.

A ƙaddara gida na ɗaya na wani ma'aikaci ne a Jega mai albashin N70,000 a wata, wato N840,000 a shekara. Matarsa tana ɗinki, tana samun ribar N120,000 a shekara. Jimilla N960,000. Su shida ne a gidan, saboda haka rabon kowane mutum N160,000 ne.

Gida na biyu na wani manomi ne a Liba. Ya samu buhun gero 12 da na dawa 6. Idan aka ƙiyasta kowane buhu a N40,000, darajarsu N720,000. Ya sayar da buhun albasa 30 a kan N20,000 kowane, ya karɓi N600,000. Taki da iri da man injin ban ruwa da ƙwadago sun ci N300,000. Matansa biyu sun samu ribar N150,000 daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Babban ɗansa ya aiko da N130,000 daga cin rani. Jimilla bayan cire kuɗin aiki ita ce N1,300,000. Su goma ne a gidan, rabon kowa N130,000.

Darussa biyu ne a nan. Na ɗaya, da an tambayi manomin tsabar kuɗin da ya rage a hannunsa, da zai ce N300,000, wanda bai kai rubu'in ainihin shigar gidansa ba. Na biyu, gidan manomin ya fi gidan ma'aikacin yawan shiga, amma idan aka raba da yawan bakunan da ke ci, gidan ma'aikacin ne a gaba. Saboda haka ba a kwatanta gidaje sai an raba shigarsu da yawan mutanensu.

Matsakaici da Adadin Tsakiya

Idan ana son a faɗi samun unguwa ko gari baki ɗaya, hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, a tara shigar dukkan gidaje a raba da yawansu, abin da aka samu shi ne matsakaici. Ta biyu, a jera gidajen daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a ɗauki wanda ya faɗo a tsakiyar jerin, shi ne adadin tsakiya.

Alal misali, a ce gidaje biyar ne a wata unguwa. Huɗu suna samun N400,000 da N500,000 da N600,000 da N700,000 a shekara. Na biyar gidan babban dillalin albasa ne mai samun N7,800,000. Jimilla N10,000,000, matsakaici N2,000,000. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka unguwar masu hali ce, alhali gidaje huɗu daga cikin biyar ko rabinsa ba sa samu. Adadin tsakiya kuwa N600,000 ne, kuma shi ya fi kusa da halin da akasarin mutanen ke ciki. Don haka duk lokacin da aka ji an ambaci samun mutanen wani gari, ya kamata a tambaya wace hanya aka bi.

Shiga Tana da Lokaci

A koma ga rumbun manomin Liba. Giram 100 na gero yana ɗauke da kalori kimanin 360. Idan aka ƙaddara, domin sauƙin lissafi, cewa daga hatsi kaɗai mutum zai samu kalori 2,251, to yana bukatar giram 625 a rana, wato kilo 228 a shekara. Mutum goma suna bukatar kilo 6.25 kullum. Buhu 18 mai cin kilo 100 kowane, kilo 1,800 ke nan, kuma zai kai su kwana 288. Idan suka fara ci a farkon Oktoba, rumbu zai ƙare a tsakiyar Yuli. Wannan ma ba a cire iri da zakka da dusar da surfe ke fitarwa ba.

Watannin Yuli da Agusta kuwa su ne mafi tsanani a shekara. Sabon gero bai nuna ba, tsoho ya yi tsada a kasuwa. Aikin noma ya kai ƙololuwa, jikin manya na bukatar ƙarin abinci. Sauro ya yawaita, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kwantar da yara, kuɗin magani yana cin na cefane. Wani magidancin sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samu abin awo, tasa kuma ciyawa ta cinye ta, amfanin baɗi ya ragu. Wani kuma ya ci bashin hatsi da zai biya da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha.

Kuɗin albasa ne ya kamata ya cike wannan giɓi, to amma a nan ma akwai matsala, kuma tushenta a ilimin halittu yake. Ƙwayar geron da ta bushe ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari ba, shi ya sa take shekara a rumbu. Kan albasa kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, kuma rayayye ne ko bayan an cire shi. Yana numfashi, yana fitar da ruwa, yana raguwa a nauyi. Idan ya samu laima sai ya yi tsiro ko saiwa, ƙwayoyin cuta kuma su shiga ta wuyansa ko ta inda aka ji masa rauni, ya ruɓe, ya shafa wa na kusa da shi. Ana cire akasarin albasar rani daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, kowa ya kai kasuwa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. Can wajen ƙarshen shekara sai ta yi ƙaranci, ta yi tsada. Manomin da ba shi da wurin ajiya mai kyau, ko bashi ya matsa masa, yana sayar da albasarsa a lokacin da ta fi araha, sannan ya sayi gero a lokacin da ya fi tsada.

Ana iya rage wannan asara ta hanyar daina ban ruwa kwanaki kafin cirewa, da barin ganye ya kwanta, da shanya albasar har wuyanta ya bushe ya rufe, da ware mai rauni, da ajiye ta a inuwa a kan abin da ya ɗaga ta daga ƙasa, inda iska ke ratsawa. Duk buhun da aka tsirar daga ruɓewa ƙari ne a kan shigar gida.

Abin da Yake Nufi ga Yaro

Baligi yakan rame a damina ya murmure da kaka. Yaro ƙarami ba shi da wannan dama. Kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne lokacin da ƙashi da ƙwaƙwalwa ke girma da sauri, kuma tsawon da yaro ya rasa a wannan lokaci da wuya ya maido shi duka. Cikinsa ƙarami ne, kunu mai ruwa-ruwa yakan cika shi ba tare da ya ba shi isasshen ƙarfi ba. Yana bukatar abinci mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono, da ganye irin su zogale.

A nan ne ƙa'idar Engel ke aiki. Ƙididdigar 2019 ta nuna cewa abinci ya cinye kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidajen Nijeriya suka kashe. Gidan da abinci ya riga ya cinye mafi yawan samunsa, idan farashi ya tashi ba shi da wurin ragewa sai a tukunya, kuma abin da ake fara janyewa shi ne nama da kifi da mai, a bar tuwo da miya tsurarta. A watan Yuni na 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara, a watan Yuli kuma aka mai da mafi ƙarancin albashi N70,000. Hanyar gane ko samu ya ƙaru da gaske ita ce a mai da shi mudu. A ce mai samun N30,000 yana sayen mudu a N300, mudu 100 ke nan. Idan samunsa ya koma N70,000 amma mudu ya koma N1,000, mudu 70 zai samu. Kuɗinsa sun ƙaru, abincinsa ya ragu.

Aikin Yi

1. Ɗalibai su riƙa rubuta farashin mudun gero da na buhun albasa a kasuwa mafi kusa da su sau ɗaya a mako har tsawon zango guda, su zana jadawalin hawa da saukarsa.

2. A samo kan albasa 20 da aka shanya sosai da wasu 20 da ba a shanya ba. A ajiye su wuri ɗaya, a riƙa auna nauyinsu duk mako, a ƙirga waɗanda suka ruɓe ko suka yi tsiro.

3. Da izinin iyaye, kowane ɗalibi ya lissafa mudu nawa gidansu ke ci a rana, ya gano kwana nawa buhu ɗaya zai kai su. Malami ya tabbatar ba a rubuta sunan kowa a takarda ba, domin samun gida sirrin gida ne.

4. Idan manomin Liba na cikin misali ya rasa buhu 3 saboda ɓera da ƙwari, kwana nawa hatsinsa zai kai shi?

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa auna shigar gida yana bukatar tambayoyi huɗu: me kowa a gidan ya kawo, kuɗi ne ko amfanin gona, baki nawa ne ke ci, a wane wata abin ya shigo, kuma mudu nawa zai saya. Gidan da ya san amsar waɗannan tun da kaka, zai san watan da rumbunsa zai ƙare, ya kuma yi masa tanadi tun hatsi yana da araha. Ɗaliban sakandare na Jega da Aliero da Maiyama sun isa su yi wa iyayensu wannan lissafi, kuma ƙannensu da ke goye ne za su fara cin moriyarsa.